Kanumfarin da Na Ɓoye

Shekara tara na yi ina naɗe alawa a wani kamfani a Bompai kafin a rufe shi a sallame mu. Abu biyu na fito da su daga wurin, ciwon baya da yatsu masu sauri. Ciwon bayan yana nan har gobe. Yatsun kuwa su suka rufa mini asiri, don da na dawo zaman gida a Panshekara hannuna ya ƙi yarda da zaman banza.

Maigidana yana aiki a wani kamfanin kwali da buga takardu a Sharaɗa. In inji ya yanke manyan takardu, gefe-gefen da ya rage shara ne a wurinsu, ma'aikaci yana iya ɗiba in ya nemi izini a bakin ƙofa. Duk Asabar sai ya ɗauro mini dami a bayan kekensa don in riƙa hura gawayi. Akwai takardar kalanda mai sheƙi, akwai farin kwali mai kauri, wani lokaci har da ta katin gayyata mai ruwan zinare. Ni kuwa tausayin ƙona su nake ji. Ranar sunan 'yar ƙanwata na zauna na ninke guda ashirin, 'yan akwatuna masu murfi, na zuba alawar madara a ciki aka raba wa mata. Kafin a watse, mutum uku sun tambayi wadda ta yi.

Daga nan sana'a ta kama. Aikin ba wuya, sai dai ba ya son gaggawa. Ki auna da rula, ki ja layi da bayan wuƙa don kwalin ya karye inda kike so, ki ninke, ki shafa gam, ki ɗora masa dutsen guga ya kwana. Ina yin mai murfi, ina yin 'yar jaka mai hannun zare, ina yin mai tsini irin na gyaɗa. A zuba dabino, ko gullisuwa, ko ɗan ƙullin turaren wuta, a raba ranar kamu ko walima. Cikin shekara biyu, in baƙo ya shigo layinmu ya ce gidan mai kwalin biki, ba mai ce masa wacce.

Sunan nan kuwa daga gidan wata Hajiya na same shi. Mijinta dillalin fatu ne, yana kai wa kamfanonin jima na Challawa, kuma 'ya'yanta mata huɗu. Uku ta aurar, duk ukun da kwalina aka yi rabo. Saura auta. Tun yarinyar tana makarantar sakandare nake zana irin akwatin da zan yi mata a raina, mai hawa biyu, sama turare ƙasa dabino. Har takardar na ware, wata mai ruwan hoda, na sa a ƙarƙashin katifa ina jiran ranar. A wurina bikin autar nan nawa ne, ba na ma tunanin akwai mai ja da ni.

Ana nan sai aka kama ɗakin da ke kallon namu a gidan hayar da muke. Mutanen Filato ne, mijin yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin jiman nan, matar tana zaman gida da tagwayenta. Maman 'yan biyu muke ce mata. Ita kuwa tun ranar farko ta laƙaba mini Yaya, har da ɗan rusunawa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu. Kullum na baje tabarma a tsakar gida zan fara aiki, sai ta jawo kujerar tsugunno ta zauna gefe tana kallo, har ranar da ta yi ƙarfin hali ta ce in koya mata.

Na koya mata, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce don Allah kaɗai na yi ba. Daɗi nake ji in ga babbar mace tana riƙe baki tana mamakin hannuna. Ga shi ba ta iya ba. Layinta a karkace, murfinta ba ya hawa akwatinsa, gam har gwiwar hannu. Nakan ce mata wannan hannun na faskare ne, ta bar wa takarda lafiya. Ta yi dariya ta sake ɗaukar wata. Yadda ta kasa ɗin nan shi ya sa nake ƙaunarta, yanzu na gane.

A aikina akwai abin da nake zubarwa, siraran takardu kamar taliya waɗanda ba sa ninkuwa. Wata rana na ga tana tsince su tana tarawa a haɓar zane. Na tambaye ta ko miya za ta yi da su. Ta ce a ƙauyensu kakarta tana saƙa kwando da ciyawa, tana so ta gwada ko hannunta bai manta ba. Bayan kwana biyu ta miƙo mini wani abu a tafin hannu tana jin kunya. Ɗan kwando ne, bai fi girman lemon zaƙi ba, an saƙa shi da fari da kore, har da ɗan murfi mai tuntu. Ta shafe shi duka da ruwan gam marar kauri, ya bushe ya yi tauri kamar hular da aka sa wa sitaci. Na juya shi, na sake juyawa, ina neman aibu ban samu ba. Na ce mata ba laifi. A cikina kuwa wani abu ya tsaya mini a ƙahon zuciya, don daga sharata ta yi abin da ni ban taɓa tunaninsa ba.

Abin ya fara da kaɗan-kaɗan. Matan cocinsu suka sa ta yi musu na rabon Kirsimeti, na ce wannan ba kasuwata ba ce. Sai matan layinmu suka fara leƙa ɗakinta in sun fito daga nawa. Wata ma a gabana ta ce kwalina in an cinye alawar yarwa ake yi, amma kwandon nan mutum ya ajiye ɗan kunne a ciki. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne maigidana. Mutumin da shekara da shekaru bai taɓa ɗaga akwatina ya duba ba, sai ga shi da kwandonta a kan rediyo yana ajiye goro. Wata Asabar kuma ya sauke dami biyu daga keke, ya ce ƙaramin na maƙwabciya ne, siraran ne ya tsince mata tunda ni ba na amfani da su. Ranar tuwon da ya ci da gudaji, kuma da gangan na bar su.

Farkon damina aka sa ranar autar Hajiya. Da kanta ta zo, mota ta tsaya a ƙofar gida, yaran layi suka kewaye. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa, na ciro akwatin nan mai hawa biyu da na riga na yi samfurinsa. Ta yaba, ta buɗe sama ta buɗe ƙasa. Ana cikin haka Maman 'yan biyu ta fito shanya, ta durƙusa ta gaishe ta. Idon Hajiya ya bi ta har taga, inda ta jera kwanduna biyar suna shan iska. Hajiya ta ce a miƙo mata ɗaya. Tun daga yadda ta riƙe shi na san an gama.

"Ke kin yi uku," in ji Hajiya tana murmushi, "ki bar wa ƙanwarki ɗaya mana. Ai duk gida ne."

Na ce, "Haka ne, Hajiya, yadda kuka ce." Har da rakiya bakin mota, har da a gaida Alhaji. Da na dawo ɗaki na murƙushe akwatin a hannuna na cusa shi cikin murhu.

Da la'asar Maman 'yan biyu ta yi sallama ta shigo, ta tsuguna a bakin ƙofa. Ta ce ta san gidan Hajiya gidana ne, in raina bai so ba za ta je ta ce ba za ta iya ba. Da gaske take, na gani a fuskarta, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi. Wato har ta kai matsayin da za ta yi mini sadaka da abin da yake nawa. Na ce haba, arzikinta ai arzikina ne, ta je ta yi aikinta Allah ya sa albarka. Ta yi ta godiya har da hawaye.

A nan sai na yi bayanin gam. Ba ma amfani da na kanti, don warinsa yana kama dabino da alawa. Sitacin rogo muke damawa kamar koko. Shekarata ta farko a sana'ar na yi wa wata amarya akwati ɗari, na jera a kwali, kafin kwana huɗu kiyashi da kyankyasai sun cinye duk inda sitacin ya taɓa. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Wani tsoho mai ɗinkin littattafai, abokin mahaifina, shi ya ce in riƙa tafasa kanumfari a ruwan kafin in dama, ƙwari ba sa son sa, kuma yana hana fumfuna. Tun daga ranar ban sake asara ba. Maman 'yan biyu ba ta san wannan ba, don ni nake dama mana a ɗaki in ɗebo mata a gwangwani.

Washegarin zuwan Hajiya, Maman 'yan biyu ta zo da gwangwaninta kamar kullum. Na ce bayana ya tashi, kuma aikinta babba ne, gara ta koyi damawa da kanta. Ta ce to in faɗa mata. Na faɗa mata awon sitaci, awon ruwa, yadda za ta juya kada ya yi gudaji, yadda za ta tace da tsumma. Na kawo kan kanumfari, maganar tana kan harshena, na haɗiye. Ta tafi ta dama, ta dawo da shi a cokali in duba. Ya yi kyau. Sai ta shinshina ta ce nata ba ya ƙamshi irin nawa. Ban ko ƙifta ido ba na ce ai tukunyar da nake dafa shayi ce nake damawa a ciki, ƙamshin kayan shayi ne ya kama. Ta ce oho, ta koma.

Na lallashi kaina da cewa ban yi mata komai ba. Ban taɓa kayanta ba, ban kai ta gun boka ba, ban ɓata ta a wurin Hajiya ba. Shiru kawai na yi. Ni ma ai sai da na sha wuya kafin na sani, wa ya ce ita sai a tauna a ba ta? Har na riƙa cewa wataƙila ma ƙwarin ba za su zo ba. Amma na san damina, na san ɗakunan gidan nan da ke tsatsafo da ruwa ta ƙasa, kuma na san kwandonta ba baki kawai take shafawa ba, jikinsa duka sitaci ne.

Mako uku ta yi tana saƙa. Daga an busa jiniyar safe maza sun fita, sai ta zauna, ba ta tashi sai girki. Kwando ɗari uku Hajiya ta ce, fari da ruwan hoda. Ina daga ƙofata ina tsintar shinkafa ina kallon yadda suke taruwa, kowanne ya fi na jiya kyau. Wanda ya bushe ta jera a babban kwali ta tura ƙarƙashin gado don kada tagwaye su taɓa. Sau biyu na tashi da niyyar in je in faɗa mata. Na farko na tarar da matan layi sun cika ɗakin suna santi, na juyo. Na biyu ta nuna mini yatsunta da takarda ta yayyanka tana dariya, ta ce Hajiya ta aiko a gaya mata har ƙawayenta na cikin gari suna jira su gani. Na ce Allah ya kai mu, na fito da maganata a ciki.

Saura kwana uku kamu, da safe ina wanke-wanke, na ji ta ce, "Yaya." Muryar ba tata ba ce. Tana tsaye da kwalin a hannu. Ta ajiye a gabana ta buɗe, kiyashi suka watse baƙi ƙirin, kyankyaso biyu suka ruga bayan randa. Kwandunan sun saki, saƙar ta warware, waɗanda ba su warware ba sun yi ɗigo-ɗigon fumfuna da kashin ƙwari. Na ƙasa sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Da ƙyar muka tsinci ashirin masu kyan gani.

Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Daɗi na fara ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙirji har ƙafa, irin na wanda aka sauke wa kaya. Na riƙe baki ina salati, amma a cikina har na fara lissafin takardar da ke ƙarƙashin katifa.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa kusa da kwalin, ta ɗauki wani warwararre tana ƙoƙarin mayar da saƙar. Can ta ɗago ta ce, "Yaya, me na yi ba daidai ba? Duk yadda kika ce haka na yi." Kafin in sami abin faɗa ta ci gaba, ta ce bari ta sa mayafi ta je gidan Hajiya ta ba da haƙuri, ta roƙe ta a mayar mini da aikin. Ta ce dama nawa ne, ita ce ta yi zalama Allah ya nuna mata, kuma akwatina yana da sauri, kwana uku sun ishe ni.

Abin da na yi mako uku ina fata ke nan, an kawo mini har tsakar gida. Sai na ji ba zan iya miƙa hannu ba. Ba wai tausayi ne ya kama ni farat ɗaya ba, kunya ce. Mata tana zaune a ƙasa tana ɗora wa kanta laifin da ni na shuka, tana kuma neman ta biya ni lada. Na daka mata tsawa na ce ta ajiye mayafin nan, ba inda za ta. Na aika wa maigidana saƙo a waya, da tsakar rana sai ga mai adaidaita sahu daga Sharaɗa da buhu guda na siraran takardu.

Ranar almajira ta koma malama. Ta nuna mini yadda ake kafa gindi, yadda ake ɗaga gefe, yadda ake karya baki. Na farko da na yi ya fito kamar sheƙar kurciya, kuma ba ta ce hannuna na faskare ba ne. Zuwa na goma yatsun Bompai sun tuna aikinsu. Muka raba, ni gindi da jiki, ita baki da murfi. Kafin la'asar mun tara abin da ya isa a fara shafa sitaci.

Na tashi zan dama, ta tashi ta biyo ni. Na ce ta zauna ta ci gaba da saƙa kada mu ɓata lokaci. Ta ce a'a, wannan karon da idonta za ta gani, don ta san inda ta kuskure. Na ce ta je ta sayo mana gawayi, ta nuna mini buhunta a cike. Ta tsuguna gefen murhu ta zuba wa tukunyar ido. Tukunyar kuwa wata tsohuwa ce mai lotsattsen gefe, wadda ko kare ba zai yarda an dafa shayi a cikinta ba.

Ruwa ya fara tafasa. Kanumfarin yana ƙulle a haɓar zanena, tun ɗazu na ɗauko a ɓoye. In ban sa ba, aikin nan zai iya sake lalacewa kafin ya isa hannun baƙi, da ruwan saman da ake yi ba ƙaƙƙautawa. In na sa, ta gani. Na daɗe ina gyara gawayin da ba ya bukatar gyara. Daga ƙarshe dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwance haɓar zane na watsa su cikin ruwan.

Ƙamshin ya tashi, wanda ta sani, wanda ta tambaye ni. Ta dubi tukunyar, ta dubi hannuna. Ban iya ɗaga kai ba.

"Kullum ana sawa, Yaya?"

"Kullum."

Ta karɓi muciyar daga hannuna ta ce in kawo sitacin kada ruwan ya ƙone.

Kwana uku muka yi gwiwa da gwiwa a tabarma ɗaya, ba mai cewa komai sai miƙo almakashi, matso da gwangwani. Muka busar da su a kan faranti kusa da garwashi. Safiyar kamu muka kai, ɗari uku cif. Hajiya ta rungume ta, ta ce ai ta faɗa, duk gida ne. Maman 'yan biyu ta ce da Yaya muka yi, ba don ita ba da na ji kunya. A gaban mutane ta faɗi haka, kuma ba da gatse ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya wa kowa a layi ba. Bayan sati biyu na shiga ɗakinta na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a bakin murhu, kuma na yarda ta yafe ɗin. Har yau muna gida ɗaya. Tana ce mini Yaya, tana aiko mini da gwaten acca in ta yi, ni ma in na yi dambu ina zuba mata. Kasuwarta ta fi tawa nesa ba kusa ba, har daga cikin gari ake zuwa, kuma in na ga mota ta tsaya a ƙofar gida har yanzu sai na ji abin nan ya motsa a ƙirjina, sai dai in yi istigfari in ci gaba da ninkina.

Abu ɗaya ne ya sauya, kuma ban jin ita kanta ta san tana yi. Da, in na ce mata tumatir ya sauko a kasuwa, sai ta ɗauki jaka kawai. Yanzu sai ta ce to Yaya, ta leƙa ta tambayi matar ɗakin ƙarshe. Shekaranjiya muna zaune a ɗakinta da rana na ji firij ɗina ya tashi, na ce mata an kawo wuta. Ta ce to, sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitila.